Famfon da Auta Ya Sayo

Akwai wani mutum da abokan hawan kekensa suke kira Guguwa. Sunan bai zo masa a banza ba. Idan ya ɗora ƙafa a feda ya sunkuyar da kai, sai dai ka hango bayansa yana ƙanƙancewa a kan titi.

Yana da shagon buga fosta da katin gayyata, amma duk wanda ya san shi ya san shagon na neman abinci ne kawai. Ransa yana kan keke. A falo kekensa yake kwana, jingine da bango kusa da talabijin, an shimfiɗa masa tsohon kafet. Matarsa takan ce idan gobara ta tashi a gidan ta san wanda za a fara fitarwa, kuma ba ita ba ce.

Shi ne shugaban wata ƙungiya ta masu keke da ke fita kowane ƙarshen mako da safe. Ya iya keke, wannan ba gardama. Matsalarsa bakinsa. Ba ya ganin abin dariya ya ƙyale, ko a jikin wa ya gan shi.

Guguwa yana da ƙane, shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, don haka kowa Auta yake ce masa, har abokan aikinsa. A ofishin wani kamfanin sufuri yake aiki, yana tsara fitar motoci. Daga safe zuwa yamma yana kan kujera, waya manne a kunne. Mutum ne mai jiki, mai sanyin hali, marar yawan magana. Ko bokiti zai saya sai ya leƙa shago da yawa ya yi tambaya kafin ya zaɓa.

Wata rana Auta ya je asibiti saboda yawan ƙishirwa da kasala, aka gwada shi aka ce sugansa ya hau. Likita ya ba shi magani, ya kuma ce masa maganin kaɗai ba zai isa ba, dole ya riƙa motsa jiki.

Da mahaifiyarsu ta ji, sai ta sa aka kira mata Guguwa.

"Ga ƙanenka nan," in ji ta. "Kai kullum kana kan keke kamar a kansa aka haife ka. Ka riƙa jan shi kuna fita tare."

Guguwa ya yi dariya. "Umma, wane keken ne zai ɗauki Auta? Sai dai mu yi masa oda daga masu ƙera tirela."

"Ban son shashanci. Da gaske nake."

"To Umma, ya zo. Hanya ai ba tawa ba ce."

Auta ya ji daɗi fiye da yadda ya nuna. Tun suna yara yake bin yayansa da ido, amma tazarar shekaru da bambancin hali ba su taɓa barin su sun zama abokai ba. Yanzu ga dalili ya samu.

Ya sayi keke na hannu mai kyau, irin mai tayar tubles. Ga wanda bai sani ba, ita wannan taya ba ta da tub a ciki. Bakinta ne yake manne da rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya riƙe iska, sannan ana zuba mata wani farin ruwan gam da ke toshe ƙananan huji da kansa. Tana da daɗin hawa, amma tana da wahala guda. Ranar da za a saka sabuwa, sai an antaya mata iska mai yawa a lokaci ɗaya, ta tura bakin tayar ya zauna a rim har ka ji ya ce tas. Idan iskar tana shiga kaɗan-kaɗan, ta gefe za ta riƙa zurarewa, ko ka kwana kana bugawa.

Auta ya yi ta karatu a waya, ya yi ta kallon bidiyo. Sannan ya je shagon kayan keke ya ce famfo yake nema.

Mai shagon ya fara nuna masa ɗan ƙarami na lantarki, wanda ake yi wa caji, bai fi tafin hannu ba.

"Shi ake yayi yanzu. Ka danna kawai, ya yi maka aikin."

"Irinsa ne da yayana," in ji Auta. "Zai zaunar da sabuwar tubles?"

Mai shagon ya ɗan sosa kai. "Gaskiya na ƙara iska ne. Idan tayar ta riga ta zauna, ba shi da matsala. Sabuwa kuwa, wata ta yarda, wata ta ƙi."

"To wanne ne ba ya ƙi?"

Sai mutumin ya shiga ciki ya jawo wani dogon famfo irin wanda ake takawa da ƙafa a buga da hannu biyu. A jikinsa akwai wani jan tanki mai kauri, kamar tukunyar kashe gobara, ga babban agogon auna iska a sama. Ya nuna masa yadda ake buga iska ta taru a tankin, sannan a murɗa wani ɗan hannu ta fita gaba ɗaya. Ya gwada a gabansa da wata taya, nan take ta ce tas, tas.

"Nauyi ne da shi, kuma ba shi da kyan gani," in ji mai shagon. "Shi ya sa ya daɗe a nan."

Auta ya sa aka sake gwadawa, ya duba agogon, ya duba bakin tiyon ko zai shiga bawul ɗin kekensa. Sannan ya ce a naɗe masa.

Ranar fitarsa ta farko, ya riga kowa zuwa wurin haɗuwa, wani fili a gaban rufaffen kanti. Ya sa sabuwar riga ta masu keke wadda ta ɗan matse shi, da hular kwano. Da mutane suka taru, ya buɗe but ɗin motarsa ya sauke kekensa, sannan ya rungumo famfon ya ajiye a ƙasa yana murmushi.

"Yaya, zo ka ga abin da na samo."

Guguwa ya zo ya tsaya a kansa. Ya kalli famfon, ya kalli Auta, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Jama'a ku zo ku gani! Mun samu ɗan kwana-kwana a ƙungiya. Auta, gobara aka ce maka muna zuwa kashewa?"

Aka yi dariya. Auta ma ya yi.

"Na zaunar da tubles ne, Yaya. Yana tara iska a..."

"Ni za ka koya wa tubles? Kai da ko feda ba ka taka ba tukuna?" Ya zaro ɗan famfonsa na lantarki daga aljihun baya ya ɗaga sama. "Ga abin da 'yan zamani suke riƙewa."

Da a nan ya tsaya, da abin ya wuce. Amma ya ga dariya tana karɓuwa, sai ya ciro waya ya fara ɗaukar bidiyo. Ya nuna jan tankin, ya ɗago ya nuna cikin Auta a cikin matsattsiyar riga, ya sake komawa kan tankin.

"Ku faɗa mini gaskiya, wanne ya fi wani ɗaukar iska? Tanki ya sayo ƙanensa!"

Wasu suka kwashe da dariya. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Shugaba, ya isa haka mana." Guguwa ya ce ai wasa ne, ƙanensa ne, ba bare ba.

Auta ya mayar da famfon cikin but ya rufe a hankali. Ya hau keke ya bi su. Ba a yi nisa ba aka bar shi a baya, yana haki, kuma yayansa bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Kafin ya dawo filin, an riga an tura bidiyon a guruf ɗin ƙungiya.

Mako na gaba Auta ya ce yana da aiki. Na bayansa ya ce ƙafarsa tana ciwo. Daga nan ba wanda ya sake tambaya.

Da Umma ta yi magana, Guguwa ya ce, "Ragwanci ne kawai, Umma. Na buɗe masa ƙofa, shi ya ƙi shiga."

Ya lura matar Auta ta rage sakin fuska idan sun haɗu a gidan Umma. Gaisuwa kawai, ta tashi ta shiga kicin. Ya lura Auta ya daina turo masa saƙo. Bai ɗauki abin da nauyi ba, domin hankalinsa yana wani wuri.

Akwai babbar gasar tsere da ake yi shekara-shekara, kuma a bara kaɗan ya rage ya zo na ɗaya a rukunin manya. Ya san shekaru suna tafiya, ƙafa ba za ta dawwama ba. Wata da watanni ya yi yana shiri. Ya rage ci, ya bar shago a hannun ma'aikata, ya sayi sabbin rim marasa nauyi da ya daɗe yana mafarkinsu.

Ranar gasar da safe, ya sunkuya yana goge keken a falo, sai idonsa ya faɗa kan tayar baya. Gefenta ya tsage, har ya ɗan kumburo. Ba a tsere da irin wannan taya.

Bai tsorata ba, domin yana da sabuwa a ajiye. Ya cire tsohuwar, ya saka sabuwar, ya zuba ruwan gam, ya jona ɗan famfonsa ya danna.

Famfon ya yi ta kuka, iska tana fita ta gefe. Ya shafa ruwan sabulu a bakin tayar, ya matsa da hannu, ya sake dannawa. Ruwan gam ya fara tsiyaya a kan kafet. Famfon ya yi zafi, tayar kuma tana nan a kwance kamar tsumma.

Ya kira makanikin da ya saba zaunar masa da taya da injin shagonsa. Mutumin ya ce shi tuni yana wurin gasar, shago a kulle.

Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin tana kallonsa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Ka kira Auta mana. Ba irin wannan aikin ne nasa yake yi ba? Gidansa ai ba nisa."

Guguwa ya ɗauki waya ya nemo sunan. Saƙo na ƙarshe a tsakaninsu shi ne bidiyon nan, wanda shi da kansa ya tura masa da hoton fuska mai dariya. Auta bai taɓa amsawa ba. Ya tsaya yana kallon wayar. Ya hango kansa yana cewa, "Auta, ara mini famfonka." Ya hango labarin yana isa kunnen 'yan ƙungiya.

Ya kife wayar a kan kujera.

"Ba sai na tashe shi ba. Akwai iska a gidan mai."

Ya ɗauki ƙafar keken ya fita da sauri.

A gidan man, layin motoci ya cika, ma'aikata duk suna kan famfon mai. Injin iska yana can gefe, tiyonsa a yashe a ƙasa. Gilashin agogonsa ya fashe, allurar ba ta motsi. Guguwa ya gani sarai. Ya kuma san injin da ake cika tayar mota da shi ya fi ƙarfin tayar keke nesa ba kusa ba. Amma lokaci yana tafiya, sai ya ce a ransa ai hannunsa ya san iska.

Ya durƙusa ya jona tiyon. Tayar ta kumbura, gefe ɗaya ya ce tas. Ɗaya gefen ya rage kaɗan. Saboda hayaniyar motoci, ya kawo kunnensa na hagu dab da tayar don ya ji ƙarar zamanta, ya ci gaba da dannawa.

Ƙarar da ta biyo baya, sai da mutanen da ke layi suka sunkuya.

Tayar ta yi tsalle ta bar rim, rim ɗin ya dare. Guguwa ya tsinci kansa zaune a ƙasa, farin gam ya wanke masa fuska, kumatunsa a tsage. Yana ganin bakunan mutane suna motsi amma ba ya jin komai sai wani siririn fito a cikin kansa. Ya taɓa kunnensa, ya ga jini a yatsunsa.

A cikin mutanen da suka kewaye shi, ya ga wani mai jiki yana kutsowa yana ɗingishi, da silifas a ƙafa. Auta ne.

Ashe fitar Guguwa ke da wuya matarsa ta kira Auta. Shi kuwa ko tambaya bai yi ba, ya ɗauki famfon ya sa a mota ya taho. Ya je gida aka ce masa Yaya ya tafi gidan mai, ya biyo shi. Yana shan kwanar shiga ya ji ƙarar.

Auta ya kama shi ya kwantar a kujerar baya. Duk hanyar asibiti, Guguwa yana kwance, idonsa a kan jan tankin da ke ajiye a ƙasan kujera, yana gangarowa yana bugun hannunsa duk lokacin da aka taka birki.

Likita ya ɗinke kumatun. Game da kunnen kuwa, ya ce dodon kunnen ya fashe, kuma abin ya taɓa can ciki. Fatar za ta iya warkewa, amma ji da wuya ya dawo kamar da. Ya ce zai riƙa fama da jiri na wani lokaci, kuma hawa keke a cikin motoci da kunne ɗaya ba abin wasa ba ne.

Da yamma matar Auta ta kawo abinci. Auta ya fita karɓo magani. Ta ajiye kwanukan, ta zagayo ta ɓangaren damansa inda yake ji, ta zauna.

"Sannu Yaya. Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Na ga Auta yana ɗingishi, ƙafarsa a naɗe. Me ya same shi?"

Ta kalle shi.

"Sai yau ka gani? Ya fi wata biyu. Ciwo ne ya fito masa a yatsa ya ƙi warkewa, saboda sugan. Ya ce kada a faɗa wa Umma."

"Ba ya motsa jikin ne?"

"Ya sayar da keken, Yaya. Bidiyon nan har ofishinsu ya kai. Direbobi suna kiransa Tanki a waya. Na yi na yi da shi ya riƙa fita ko shi kaɗai, ya ce duk wanda ya kalle shi a hanya gani yake dariya yake masa."



"Famfon ne kawai ya ƙi sayarwa," in ji ta. "Ka san don wa ya saye shi? Ya taɓa jin kana mita a gidan Umma, wai duk sabuwar taya sai ka kai wa makaniki. Ya ce mini, ni ba gudu zan iya ba, ba zan burge kowa ba, amma idan ina da abin da Yaya zai riƙa buƙata, ka ga na zama ɗan ƙungiya. Ranar da ya kawo shi gida, a falo ya ajiye shi yana ta gogewa."

Ta tashi ta zuba masa abinci. Bai iya ci ba.

Da Auta ya dawo, Guguwa ya ce ya zauna kusa da shi. Mutumin da baki bai taɓa yi masa nauyi ba, ranar sai da ya yi ta neman kalma.

"Auta, na cuce ka. Ka yafe mini."

"Haba Yaya, ya wuce. Ka ji da kunnenka."

"Bai wuce ba. Faɗa mini abin da ke ranka."

Auta ya daɗe yana kallon ledar maganin da ke hannunsa.

"Dariyar mutane ba ta dame ni sosai ba, na saba tun ina makaranta. Amma a da idan aka yi mini, kai nake cewa zan kira. Wannan karon da na kunna bidiyon, muryarka ce a ciki." Ya ɗan yi murmushi. "Ni ma da laifina. Lafiyata ce, bai kamata in bar ta saboda maganar wani ba. Na yafe maka, Yaya, har ga Allah."

Guguwa ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna rawa.

Bayan ya fita daga asibiti, ya shiga guruf ya ba da haƙuri a gaban kowa, ya roƙi duk mai bidiyon ya goge. Sun goge. Amma abin da ya riga ya fita ya fita, har yanzu wani lokaci yakan ɓullo a wayar wanda bai san su ba.

Yatsan Auta bai warke ba, daga baya sai da aka cire shi. Likita ya ce ya riƙa tafiya a hankali da takalmi mai laushi. Guguwa kuma ya sauka daga shugabancin ƙungiya, domin ya gwada hawa sau ɗaya mota ta zo ta hagunsa bai ji ta ba.

Yanzu kusan kullum da la'asar yakan rufe shago da wuri ya je ya ɗauki Auta, su taka a gefen titi. Ba sa sauri. Auta yana ɗingishi, Guguwa yana rage tafiya yana jiransa.

Wata safiyar ƙarshen mako suna cikin tafiya sai ga 'yan ƙungiyar sun zo wucewa a jere, riguna kala-kala, suna ɗaga musu hannu. Suka tsaya suna kallonsu har suka sha kwana. Auta ya faɗi wata magana a hankali.

"Me ka ce?" in ji Guguwa.

Auta ya zagayo ta damansa.

"Cewa na yi, da yanzu muna cikinsu, ni da kai."

 Guguwa ya kama hannun ƙanensa suka tsallaka titi.

Darasi: Idan wani ya zo maka da ɗan abin da ya iya, yana murna, ka duba zuciyar da ta kawo shi kafin ka duba kamanninsa. Dariyar da za ka samu a gaban mutane ba ta daɗewa, amma wanda ka yi ta a kansa zai iya ɗaukarta har ta canza masa rayuwa. Kuma ranar da ka san ka yi kuskure, kada girman kai ya hana ka ɗaga waya, domin ana yafe laifi amma ba duk abin da ya lalace ne yake gyaruwa ba. Idan akwai wanda ka taɓa mayarwa abin dariya, ka neme shi yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai mai buƙatar jin sa.